Shayin Da Farfesa Ya Haɗa Wa Baba

Ɗinki tara aka yi wa Mama a goshi ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma Baba ne ya fasa mata kai. Mutumin da suka shekara talatin da ɗaya tare, bai taɓa ko ɗaga mata murya a gabanmu ba. Na san wata za ta ce me ya kawo wannan cikin labarin soyayya. Ku yi haƙuri ku biyo ni. Ni kaina da nake rubutun nan, har yau in na haɗiyi yawu maƙogwarona zafi yake min.

Aikina kula da ɓeraye ne a ɗakin bincike. E, ɓeraye, ku dara son ranku, na saba. Farare ne ƙanana masu jajayen idanu, keji arba'in a jere cikin wani ɗaki mai sanyi da ba ya rabuwa da warin dusar katako da fitsari. Ni ke ba su abinci, ni ke auna su, ni ke musu allura. Shi ya sa Yayana ya raɗa min Uwar Ɓeraye, sunan ya bi ni har wajen maƙwabta.

Binciken da muke yi a kan tsoro ne. Akwai wani akwati mai daɓen ƙarfe. A saka ɓera a ciki, a kunna wata ƙara, sai wutar lantarki ta ɗan ja shi a ƙafa. In aka maimaita masa haka, shi ke nan ya koya. Ko ba wuta, yana jin ƙarar zai ƙame ƙam kamar an dasa shi. Daga nan sai mu yi wa wasunsu allurar wani sinadari, irin wanda in mutum ya sha yake ganin abin da babu, bango ya yi masa motsi, launuka su narke. Ɓera ba zai faɗa miki me yake gani ba. Sai dai ki ga yana fizgar kai da sauri kamar ruwa ya shigar masa kunne, ni kuma in zauna gaban kwamfuta ina ƙirgawa. Bayan 'yan kwanaki a sake kunna musu ƙarar. A namu gwajin, da yawa daga waɗanda suka sha allurar sun fi saurin daina ƙamewa.

Mai binciken shi ne Farfesa. Ba farfesa ba ne, digiri na uku yake yi, tsokana ce ta 'yan wurin aiki ta zama suna. Dogo ne siriri, da tabarau, maganarsa a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta fashe. Wata goma ke nan yana nemana, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Mutumin da zai turo min saƙo da sassafe: *Kin karya kuwa? Kada ki ciyar da ɓeraye ki manta da uwarsu.* Wace ce ba za ta narke ba?

A gida kuwa kamar su haɗiye shi. Mama ba ta kiran sa sai ɗan albarka. Goggo, ƙanwar Baba, duk zuwan da za ta yi sai ta tasa ni a gaba.

"Shekara ashirin da takwas, kina nan kina renon ɓera! Ga namiji har namiji ya zo, me kike jira? Sai ya gaji ya kama gabansa?"

Ni abin da nake jira Baba ne. Direban babbar mota ne shekara da shekaru. Shekara biyu da suka wuce suka yi haɗari, motar ta kama da wuta, shi ya fita, amininsa da suke karɓa-karɓar tuƙi ya maƙale a ciki. Baba ya yi ta jan ƙofa har fatar tafin hannunsa ta saluɓe, ƙofa ba ta buɗe ba. Tun daga ranar bai ƙara taka bakin ƙofar gida ba. In babbar mota ta danna hon a titi, duk abin da ke hannunsa sai ya faɗi, ya ƙame yana gumi. Na ce ba zan bar gidan ba sai na ga ya ɗan dawo daidai. Farfesa ya san da haka. Kullum cewa yake, "Zan jira ki." Ashe ba jiran yake ba.

Ranar Alhamis muka yi wa sabon rukuni allura, wannan karon aka gwada su da ƙarar a ranar. Komai na tafiya daidai sai da aka zo kan mai lamba goma sha huɗu. Ana kunna ƙarar, maimakon ya ƙame ko ya yi banza da ita, sai ya haukace. Ya dinga dukan bangon akwatin da kai, tim, tim, har hancinsa ya fashe. Na yi sauri na ɗauke shi na mayar keji, ai kuwa ya afka wa abokin zamansa, ya yage masa kunne, ya kama shi a wuya yana jijjigawa. Na sa hannu zan raba su ya juyo ya kafa min haƙori a yatsa, ya huda safar hannu ya shiga nama. Sai da na yarfe shi da ƙarfi ya saki. Jini a farar rigata, jini a dusar keji, ɗayan yana kwance yana shure-shure.

Farfesa ya leƙo, ya gyara tabarau.

"Cire shi daga lissafi. A kowane gwaji ana samun irinsa."

"Ka ga fa abin da ya yi wa ɗan'uwansa!"

"Guda ɗaya cikin ashirin. Dubi sauran goma sha tara." Ya kama hannuna yana duba cizon. "Je ki wanke wannan a sa miki magani. Kawo makullin, ni zan mayar da kwalbar sinadarin in rufe."

Makullin kabad ɗin da ake ajiye sinadarin a wuyana yake rataye, ni aka damƙa wa, ni nake sa hannu. Na cire na miƙa masa ko tunani ban yi ba. Ina bakin ƙofa na ji ya ce, kamar da wasa, "Da Baba ɓera ne da tuni ya warke."

Na juyo na harare shi. "Ubana ne ɓeran?"

Ya yi dariya, ya ba ni haƙuri. Ni ma, Allah Ya yafe min, na yi dariya.

Asabar da hantsi saƙonsa ya shigo: *Zan zo gaida Baba bayan azahar. Na samo masa wani ganyen shayi mai kwantar da hankali.* Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin azurfa a hannu, wadda ya ce tana min kyau, na yafa farin mayafi. Mama ta canza labulen falo, ta goge teburin gilashin nan da take ji da shi, ta fito da kofunan baƙi.

Ya iso cikin farar riga ƙal, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Da Mama ta miƙe za ta ɗora ruwa sai ya tare ta.

"Haba Mama, ki zauna. Yau ni zan haɗa wa Baba da hannuna."

"Kai, ɗan albarka! Namiji a kicin ɗina?"

"Ai na kusa zama ɗan gida."

Mama ta kalle ni tana murmushi, ni kuma na sunkuyar da kai ina jin daɗi kamar wata sakarya. Ya fito da kofi ɗaya a kan faranti. Baba ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce akwai ɗaci. Farfesa ya ce ai ɗacin ne maganin. Baba mutum ne mai kara, ya shanye tas.

Aka ci gaba da hira. Na lura Farfesa yana yawan duba agogon hannunsa, na ɗauka sauri yake yi.

Can sai Baba ya yi shiru. Ya ƙura wa labule ido. Ya ɗaga hannunsa mai tabon ƙuna yana juya shi kamar yau ya fara ganin sa.

"Wa ya kunna wuta a bangon nan?"

Mama ta ce, "Wace wuta kuma, Malam?"

"Ga shi nan yana narkewa. Ba kwa gani?"

Na matsa kusa da shi. Gumi ya jiƙa masa wuya. Na kalli idonsa. Baƙin tsakiyar idon ya buɗe ya cinye kusan duka, ga rana tar a falon. Kafin in buɗe baki, motar ruwa da ke shigowa layinmu ta danna hon.

Jama'a, ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin ƙarar da Baba ya yi ba. Bai ƙame ba wannan karon. Zumbur ya miƙe, gwiwarsa ta daki teburin gilashi ya kife ya tarwatse. Ya fara ƙwala wa amininsa kira, wanda ya rasu, yana cewa, "Riƙe! Riƙe, ga ni nan!" Ya suri kujerar ƙarfe ya maka wa taga. Gilashi ya zubo. Ya sake makawa. Ya jefar da kujerar ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu yana jijjigawa, fasasshen gilashi yana yanka shi, jini na bin hannun rigarsa, ko a jikinsa.

Mama ta rungumo shi ta baya tana salati. "Malam! Malam, ni ce! Gida kake!"

Ya fizge ya wurgar da ita kamar tsumma. Na ji ƙarar haɗuwar goshinta da kusurwar kabad. Ta zame ta zauna, ta kai hannu, sai jini ya ɓalle ya rufe mata ido ɗaya.

Na yi kansa ina ihu. Kuskuren da na yi shi ne na tsaya tsakaninsa da tagar. Ya dube ni, wallahi ba ni yake gani ba.

"Matsa! Yana ƙonewa! Ka matsa in buɗe!"

Ya shaƙe ni. Hannun direba, hannun da ya shekara talatin yana murza sitiyarin babbar mota. Ya haɗa ni da bango, ƙafafuna suka bar ƙasa. Mayafina ya naɗe a yatsunsa yana ƙara matse ni. Na yakushe shi, na yi shure-shure, na ji kunnuwana sun toshe, falon ya fara duhu. A cikin wannan duhun, ta saman kafaɗar Baba, na hango Farfesa. Yana tsaye bayan kujera. Agogonsa yake dubawa.

Yaya ne ya cece ni. Yana bayan gida yana wanke babur ɗinsa ya ji ihu. Ya shigo da kumfa a hannu, ya ja Baba, ya roƙe shi, ya kasa ɓamɓare yatsunsa daga wuyana. Sai ya dunƙule hannu ya naushi mahaifinmu a muƙamuƙi. Sau biyu. Baba ya sake ni na zube cikin gilashi. Suka kama kokawa, suka faɗi tare, Baba ya cije shi a dantse. Sai a lokacin Farfesa ya shigo, ya danne ƙafafun Baba, Baba ya harbe shi a fuska, tabarau ya karye, hanci ya fashe, farar rigar nan ta rine. Maƙwabta suka cika falon. Maza huɗu suka taru kafin aka ɗaure shi da zanin gado. Wata tana cewa aljanu ne, wani yana cewa hawan jini. Baba yana kwance a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ta ƙi buɗewa. Wallahi na ja, ta ƙi buɗewa."

Yaya ya koma gefe ya zauna yana kallon hannun da ya daki ubansa da shi. Daga nan aka kwashe mu zuwa asibiti.

A can aka yi wa Baba allurar barci, aka ɗinke Mama, aka ciccire min gilashi a gwiwa da tafin hannu. Likitan ya tambaya ko Baba ya sha wani abu da bai saba sha ba. Mama ta ce babu, shayi ne kawai. Goggo ta iso tana haki, tana jin labari ta ɗaga hannu sama.

"Kun ga ɗan halak! Har jininsa ya zubar saboda mu. Wani saurayin da tuni ya ari na kare. Ke, in kika bar yaron nan ya suɓuce miki, ban yafe ba."

Na miƙe na fita neman Farfesa. Na same shi a wurin ajiye motoci, ya jingina da bango, auduga a hanci.

Muryata ba ta fita sosai, da ƙyar na ce, "Me ka zuba masa?"

"Ki zauna tukuna, wuyanki ya kumbura."

"Me ka zuba wa ubana a shayi?"

Ya waiwaya hagu da dama. Sannan ya ce, cikin muryar nan tasa mai sanyi, "Kaɗan ne. Na auna da nauyinsa. Hon ɗin motar ne ya ɓata komai, ban sa shi a lissafi ba."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ɗauke shi da mari a kan fasasshen hancin, audugar ta yi tsalle, jini ya sake ɓallewa. Na ƙara masa. Na ɗaga na uku ya cafke wuyan hannuna ya murɗe, har sai da na durƙusa. Wata goma, ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba.

"Saurare ni," ya ce. "Shekara biyu kuna kallon sa yana ruɓewa a ɗaki. Wa ya yi wani abu? Ni na yi. Saboda ke na yi."

"Ya kusa kashe ni! Kana tsaye kana duba agogo!"

"Dole a san minti nawa ya ɗauka."

"Ka ga abin da mai lamba goma sha huɗu ya yi. Da idonka ka gani, ka ce in cire shi daga lissafi. To Baba fa? Shi ma cire shi za ka yi?"

Ya sake ni. Ya ciro hankici ya toshe hanci, ya dube ni da idanun nan da ba tabarau, ƙanana, kamar na wani baƙo.

"Kafin ki faɗa wa kowa, ki tuna makullin a wuyan wa yake. Sa hannun wa ke takardar? Ba barazana nake miki ba. Ina so ne ki yi tunani."

Na yi tunanin kuwa. Kwana uku ina yi. In na yi magana, aikina ya tafi, wataƙila har da hukuma, kuma Mama za ta san cewa da makullina aka buɗe kabad ɗin. In na yi shiru, Goggo ta riga ta fara zancen sa rana. Ranar Litinin na je aiki da gyale naɗe a wuya don ɓoye shatin yatsu. Na buɗe kabad, na ɗaga kwalbar a haske. Ta cika daidai inda na bar ta. Ashe ruwa Farfesa ya ƙara a ciki don kada a gane ya ɗiba. Na tsaya a ɗakin nan mai sanyi, ɓeraye suna ta ƙaraf-ƙaraf a keji, na yi kuka har na gode Allah.

An sallamo Baba ranar Lahadi. Ba ya iya haɗa ido da Mama. In ya ga bandejin goshinta sai ya juya fuska bango hawaye na zuba. Ni kuwa ko sunana bai iya kira ba. Yaya ya daina cin abinci a gida. Maganar likitan ce ta tsaya masa a rai, ya koma asibitin shi kaɗai ya sake tambaya, aka ce masa alamun sun fi kama da na wanda aka ba wani abu. Ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya rantse, in har wani ne ya jawo ya ɗaga hannu a kan ubansa, to sai dai a raba shi da gawar mutumin. Yayana ba mai yawan rantsuwa ba ne.

Yau Talata da safe ina shirin fita, na ji Mama ta kira ni da wata irin murya. Na fito da takalmi ɗaya a ƙafa. Ƙofar gida a buɗe. Baba yana tsaye a waje, a bakin titi, hannuwansa biyu naɗe da bandeji. Wata babbar mota ta taho, ta danna hon a daidai gabansa. Jikinsa duka ya ɗauki rawa, amma bai ƙame ba. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ko sauƙi ne, ko wani sabon ciwon ne, ni ban sani ba. Mama dai ta durƙusa a zaure tana hamdala, tana cewa ciwon ne ya zo fita shi ya sa ya yi tsanani.

Na koma ciki na zauna a hannun kujera. Wayata tana kan kabad inda na sa ta caji. Yaya ya shigo neman makullin babur, yana tsaye daidai wurin ta yi ƙara, fuskarta ta haska.

"Uwar Ɓeraye, mutuminki ne," ya ce. Karo na farko ke nan da ya tsokane ni tun ranar Asabar. Ya zare ta daga caji zai miƙo min, idonsa ya sauka a kan rubutun.

Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya karanta a fili, a hankali, kamar mai koyon karatu:

"*Mama ta kira ni, ta ce ya fita waje. Kin gani ko? Ya yi aiki. Saura sau ɗaya, wannan karon za mu rufe tagogi. Ki zo min da makullin.*"

Ya ɗago ya dube ni. Ya dubi igiyar da ke wuyana. Sannan ya mayar da hannu baya ya tura ƙofar falon ta rufe.

"Wane makulli?" ya ce.